Agogunan Maiguwa Masu Kiran Salla

Ranar da Maiguwa ya dawo daga kasuwar Ƙonni da kwali uku ɗaure a bayan kabu-kabu, bai nufi gida ba. Sai ya sa aka sauke shi a ƙofar makarantar kwana ta Malam Alƙasim, gindin dogon-yaron da nake kafa kekena na ɗinki, don ya san nan ba a rasa masu saurare. Ya sallami ɗan kabu-kabu da babbar murya, ya zauna a kan kwali ɗaya, ya harɗe ƙafa.

"Tela, aje almakashin ga ka zo ka ga arziki," in ji shi.

Wanda bai san Maiguwa ba, bari in gaya masa. Wata bakwai ya taɓa yi a Abijan yana tura amalanke a kasuwa, amma labarin da ya dawo da shi yau shekara goma sha ɗaya bai ƙare ba. Tun daga lokacin babu abin da bai sani ba. Ya san ciwon jaki, ya san siyasar Faransa, ya san dalilin da ya sa ruwa ya tsallake Garhanga ya sauka Deule. In kana son ka ɓata yininka, ka tambaye shi ƙarfe nawa.

"Shekara guda ina nazarin yaran ga," ya ce, yana nuna katangar makaranta da haɓa. "Su ɗari ukku suna kwana cikin gidan ga, babu mai hankalin kainai. Awa tumaki su ke. In ɗaya yas sayi abu, dut sai sun saya. Kun tuna bara? Saifullahi ya ciyo musabaƙa Tawa, yad dawo da silifa koraye, kahin sati biyu ƙahwar makaranta dut ta koma koriya. Ni ko niz zauna niy yi nazari. Ka kama ragon gaba, sauran su biyo ka hal gida."

Inna Habsa tana gefe a kan tabarmarta. Shekara ashirin ke nan tana sayar wa ɗaliban nan sabulu da turare da ƙuli-ƙuli, ita ce ma ta sayar da silifan bara. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To kai mi kak kawo ma tumakin? Dusa?"

Maiguwa ya yi murmushin tausayi, ya yage bakin kwali. Agogunan hannu ne na roba, baƙaƙe, ɗari da hamsin.

"Wanga agogo, Inna, da kainai shike kiran salla. Ɗan makarantar addini da ladan ɗaure ga hannu! Wane uba za shi gani shi ƙi saye? Ranar walimar sauka iyaye za su zaka daga Bangi hal Keita da kuɗɗin wake cikin aljihu. Kahin la'asar kwalayen ga sun zama hwanko."

Kamar agogon ya ji ana yabonsa, sai ɗaya ya ɗauki kira da 'yar siririyar murya irin ta sauro a cikin gwangwani. Muka yi tsit, don ba a magana a kan kiran salla ko daga ina ya fito. Da ya gama, Inna Habsa ta ɗaga kai ta dubi rana. Hantsi ne, ƙarfe goma bai daɗe da yi ba.

"Wace salla ta wagga?"

"Azahar."

"Ta wane gari?"

"Ta Makka. Da lokacin Makka yaz zaka. Ko kina da ja da Makka?"

"Ba ni da ja da Makka, Maiguwa, amma nan Adar na, ko hura ban dama ba."

Ni abin da ya dame ni daban ne, wato inda ya samo jari, don na san aljihunsa kamar yadda na san nawa, ni na ɗinka shi. Da yamma na ja shi gefe, ya duba hagu ya duba dama, ya faɗa mini. Injin ban-ruwa ya sayar.

Sai da na dafe kai. Injin nan shi da garkar albasa, wato lambunsu na fadama, su ne duk abin da mahaifinsu ya bar musu, shi da yayarsa Fatsima. Mijin Fatsima shekara huɗu yana Libiya, waya ma sai sa'a, albasar nan ce ke ci da ita da 'ya'yanta biyar. Tsohon inji ne, duk fadama an san shi: in aka ja igiya sai ya yi tari uku, ya yi atishawa, sannan ya kama. Amma yana kamawa. Ga irin albasa ya yi kore shar a wurin reno, dashe saura mako uku, daidai bayan walima. Shi kuwa gogan naka ya ɗauke inji ya kai wa Ilyasu, mai garka can ƙetaren ƙorama inda Fatsima ba ta zuwa, ya ce mata yana wurin makanisiye, mai gyaran inji, a Madawa.

"Tela, ba ka da hangen nesa," ya ce. "Washegarin walima in sayo mata sabo, mai aiki da rana, ba sayen man esansi ba tari. Kuka za ta yi don murna."

Maganar kuka dai ya faɗi gaskiya.

Aikin farko shi ne a karkato da agogunan daga Makka zuwa garinmu. Takardar da ke cikin kwalin da rubutun Sin aka yi ta. Na ce ya kai wa masu gyaran salula a Buza, ya ce shi da ya zauna da 'yan Sin layi ɗaya a Abijan? Ya riƙe takardar, ina jin ma a kife, ya yi kwana biyu yana latse-latse. Kowane agogo ya danna shi iya son ransa, ya jefa a kwali, ya ɗauki wani. Da ya gama, babu guda biyu da suka yarda da juna. Wannan yana bin Masar, wancan yana bin Indiya, wani kuwa Allah kaɗai ya san ƙasar da ya koma. A da sau biyar suke kira, gaba ɗaya, a huta. Yanzu kuwa ɗaya na sauka ɗaya na ɗauka, daga safe har faɗuwar rana.

Haka ya kafa tebur ranar Alhamis, ranar da ake barin ɗalibai su fito ƙofa. Suka kewaye shi. Ya gyara murya.

"Jama'a, wanga agogo da kuke gani…"

Agogo ya ɗauki kira. Ya yi shiru. Aka gama.

"Wanga agogo, na ce…"

Wani ya ɗauka daga ƙasan kwali.

"Bawan Allah, ka jira ladananka su ƙare," in ji Inna Habsa.

"Inna, ana kira, ki yi kurum."

"Ai kai aka ma kiran, ni na yi tawa."

Ana cikin haka sai ga Tasi'u. Dogon saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, shekara uku yana izu ɗaya, har bangon ajin ya haddace shi bai haddace ba. Hularsa a karkace take sai ka ce za ta faɗi, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi ɗaya ya gwada.

Maiguwa ya buge hannun.

"Kai! Ba naka na ba. Na san labarinka, kai na daƙiƙin makaranta. In anka ga agogona ga hannunka, wa za shi saye? Tahi ka gyara hularka."

Tasi'u bai yi fushi ba. Ya dubi agogon, ya dubi Maiguwa, ya taɓe baki ya ce, "Dama na tsohhi na." Ya juya ya tafi. Da Maiguwa mai duba ne, da ya ga samari kusan ashirin sun juya tare da shi, kowa hula a karkace, kowa ƙafar hagu a naɗe, kowa ya taɓe baki iri ɗaya. Ni na sani, don rabin ɗinkin da ake kawo mini cewa ake, "Tela, irin na Tasi'u." Na buɗe baki zan gaya masa.

"Maiguwa, yaron can da kak kora…"

"Tela, kai ɗinki kas sani. Bar ma masu kasuwa kasuwa."

Na bar masa. Ranar ko ɗaya bai sayar ba.

Bai karaya ba, ya ce ai bai kama ragon gaba ba tukuna. Ya yi kwana uku yana fakon Saifullahi, gwarzon musabaƙa, yaro mai kunya wanda ko inuwarsa ba ya son ta riga shi shiga wuri. Da ya samu ya tare shi, ya ɗaura masa agogo da hannunsa, ya ce kyauta ce, abin da yake so kawai shi ne ya riƙa naɗe hannun riga. Yaron ya yi godiya har ƙasa. Yana shiga ƙofa ya tuna an koya musu cewa abin da ka fi so shi za ka bayar, sai ya kwance ya ba Baba Zali maigadi.

Baba Zali ya haura saba'in, haƙori biyu suka rage masa, kunnensa kuma ya riga haƙoran tafiya. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaura agogo ba. Washegari ya fito da shi a kan hannun rigar sanyi, juye, yana ɗaga hannu yana gaida har awaki. Duk ɗalibin da ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya nuna masa. Tasi'u ya wuce ya ce, "Ban hwaɗi ba?" Kafin azahar sunan kayan Maiguwa ya zama agogon Baba Zali, kuma babu saurayin da zai yarda a gan shi da shi ko da biyansa za a yi.

"Ragon gaba ya ba tsohon bunsuru," in ji Inna Habsa.

"Talla ta, Inna. Abijan haka a ka yi."

A daidai nan Fatsima ta iso, zane a ɗaure a gindi, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda jan guga. Kwana goma ita da 'yan matanta suna shayar da iri da hannu, gefe guda ya fara ja.

"Maiguwa, ina injin?"

"Yaya, shina Madawa. Makanisiyen ya ce wani ƙarhe yal lalace, sai an aiko daga Yamai."

"Wane ƙarhe?"

"Na ciki."

"Wane makanisiye? Ba ni sunanai, gobe kasuwa in biya."

Maiguwa ya buɗe baki, babu suna a ciki. Sai Allah ya kawo masa agaji daga kwali, wani agogo ya ɗauki kira. Ya ɗaga yatsa da fuskar malamai.

"Yaya, ana kiran salla. Ba a magana."

Fatsima ta yi shiru tana harararsa. Wannan na sauka wani ya ɗauka, wancan na sauka wani ya karɓa. Ta tsaya har kira huɗu, ta tuna ta bar yara a bakin rijiya, ta yi ƙwafa ta tafi. Daga ranar Maiguwa ya gano amfanin kayansa. Kullum da agogo shida a aljihu yake yawo, da ya hango ta sai ya laluba ya danna maɓallin da ke sa su kira.

Saura mako guda walima, ya zo mini da sabuwar dabara, idonsa na ƙyalli.

"Kuskure niy yi, tela. Saifullahi ɗan rago na. Wa yaran ga sunka hi girmamawa duniya? Malam! In Malam yas sa, magana ta ƙare."

Ya sa babbar riga, ya shiga ya durƙusa gaban Malam Alƙasim, ya miƙa agogo da hannu biyu. Malam mutum ne da ba ya mayar da kyauta don kada ya kunyata mai ita. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ɗaura ya shiga da shi darasi. Maiguwa ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa, ya ce in taya shi share tebur, yanzu za a yi turmutsitsi.

Alhamis ta zo, ɗalibai suka fito, suka yi wa teburinsa nisa kamar wanda aka zana wa da'ira. Ya kamo wani ƙarami.

"Kai, ba ka ga irinai ga hannun Malam ba?"

"Na gani."

"To mi kake jira?"

Yaron ya zaro ido. "In sa abin da Malam yas sa? In yi kahwaɗa da Malam? Baba, so kake karatuna shi zube?"

Kowa a garin nan ya san ɗalibi ba ya ɗinka irin rigar malaminsa, ba ya sa irin hularsa, ba ya zama a kan buzunsa. Ni da ban yi izu biyar ba na sani. Mutumin da ya yi shekara guda yana nazari shi kaɗai ne bai sani ba. Da can agogon na tsofaffi ne, yanzu ya zama na tsofaffi kuma haramiyar ɗalibi. Malam kuwa, da abin ya yi masa kira a tsakiyar darasi, sai ya kwance ya jefa a aljihun babbar rigarsa ta fita, ya manta da shi.

"Saura wa?" in ji Inna Habsa. "Ko prefe mai mulkin gari za ka kai ma?"

"Yara ba su da kuɗɗi dama. Iyaye nike jira. Ranar walima ki zo da wuri ki samu wurin kallo."

Ranar walima garin ya cika. Motoci daga Bangi, amalanken shanu daga Deule, tsofaffi daga Garhanga da rawuna kamar tukwane. An kafa rumfuna a filin makaranta, mata suna can bayan katanga suna tuƙa tuwo a manyan tukwane, Fatsima na cikinsu. An jera tano-tano, wato manyan gangunan ƙarfe, na ruwan alwala a bakin rijiya. Lasifikar masallacin makaranta, wadda ake kiran salla da ita kullum, ita aka jawo aka kafa a gaban manyan baƙi.

Maiguwa ya yi ta bin mai kula da lasifikar da goro da daɗin baki har ya yarda ya ba shi minti ɗaya tsakanin karatu da karatu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Saifullahi ya sauke karatu mai sanyi, jama'a na share hawaye, sai ga gogan ya ratso taro da kwali a ka. Ya dire shi a kan tebur, ya karɓi makarufo, ya buga shi da yatsa sau uku.

"Iyayena, malamaina, ni na Maiguwa, wanda kunka sani, wanda yaz zauna Abijan…"

Bai kai ga Abijan da kyau ba, wani agogo ya ɗauka daga cikin kwali. Wannan karon ba muryar sauro ba ce. Ta lasifikar masallaci ta fito, ta cika fili, ta haura katanga, ta kai kasuwa. Tsofaffin ƙauye suka dubi rana, suka dubi lasifika, suka zaɓi lasifika. Kafin ka ce me, mutum ɗari sun miƙe suna neman takalma.

Malam Alƙasim ya tashi ya ɗaga hannu yana jira kiran ya ƙare ya yi bayani. Yana ƙarewa, ya buɗe baki, sai aljihunsa ya ɗauka. Malam ya tsaya cak, manyan baƙi suna duban cikinsa. Ya laluba aljihun dama, ba nan ba ne. Ya laluba na hagu, ya zaro carbi da goro da tabarau. Can bakin ƙofa na Baba Zali ma ya kama, tsoho ya ɗaga hannu sama yana juyi don kowa ya shaida nasa ma yana aiki.

Maiguwa ya ce bari ya kashe su. Ya zura hannu biyu a kwali yana danne-danne, duk wanda ya taɓa sai ya farka. Makarufo ya suɓuce masa ya faɗa ciki. Ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe kwalin, bai yi ba. Ya hau ya zauna a kai, kwalin ya fashe, agoguna suka watsu ƙarƙashin kujerun baƙi, kowanne na kiran mutanen ƙasarsa. Tasi'u ne ya fara dariya, irin tasa mai kama da shaƙuwa. Ɗalibai ɗari uku suka ɗauka, duk da shaƙuwar.

Su kuwa tsofaffi sun riga sun isa bakin rijiya, tano-tano suka ƙare nan take, aka shiga kiran a ƙaro ruwa. To ashe ɗan Ilyasu yana cikin masu sauka, shi ya sa Ilyasu ya ɗauko sabon injinsa tun da safe ya kawo don neman lada. Ya taka shi da ƙafa, ya ja igiya.

Injin ya yi tari uku, ya yi atishawa, ya kama.

Matan da ke wurin tuwo sun ce Fatsima tana cikin tuƙi ta tsaya kamar an kira sunanta. Ta zaro muciya da tuwo a jikinta, ta zagayo katanga. Ba ta nufi ƙaninta ba tukuna, wurin injin ta fara zuwa. Ga jan ƙyallen da ta ɗaura a mariƙinsa da hannunta.

"Ilyasu, yaushe kaz zama makanisiyen Madawa?"

"Wane makanisiye, Fatsima? Saye niy yi, gaban shaidu. Ya ce da yardarki."

Jama'a suka dare mata hanya. Maiguwa yana rarrafe ƙarƙashin tebur yana tsintar agoguna, ya ga ƙafafun da ya sani. Makarufo yana nan kusa da gwiwarsa a kunne, saboda haka abin da ya biyo baya har masu awo a kasuwa sun ji.

"Hito."

"Yaya, lahiya?"

"Wane ƙarhe na yal lalace?"

"Yaya, bari in yi miki bayani, wagga harka ta ilimi ta…"

"Kwana ashirin ɗiyana suna jan guga hal hannu ya tsage. Rabin iri ya ƙone. Injin baba kas sai da kas sayo wagga tsiya?"

Maiguwa ya laluba ya danna wanda ke hannunsa. Ya ɗauki kira. Ya ɗaga yatsa.

"Yaya… ana kira."

Fatsima ta dogara muciya a ƙasa ta jira, wallahi har ya ƙare. Wani ya ɗauka, ta jira. Na uku ya ɗauka.

"Na jira na Makka, na jira na Masar," ta ce. "Wanga ban san garinai ba."

Ban taɓa sanin Maiguwa yana da gudu haka ba. Ya tsallake benci biyu, ya yi karo da tiren shinkafar baƙi, ya bar takalmi ɗaya a gaban limamin Buza, ya nufi ƙofa. Baba Zali, da bai ji komai ba, ya ga mai kyauta ya taho, ya rungume shi yana godiya. A hannun Baba Zali muciya ta same shi, tuwo ya manne masa a ƙeya, duk garin yana kallo.

Da ƙura ta lafa, aka dawo da tsofaffi da alwalarsu, Malam Alƙasim ya karɓi lasifika ya yi doka: daga yau duk ɗalibin da aka kama da agogon nan zai yi mako guda yana sharar fili.

Ilyasu ya ce ciniki ya ƙare, kuma gaskiyarsa. Fatsima ta tattara agogunan a buhu ta dire gaban Inna Habsa ta ce ta ba da abin da ta ga dama. Abin da aka bayar ya isa sabuwar igiya da guga biyu manya. Guda ɗaya ta ware ta ɗaura wa Maiguwa a hannu, ta ce in ya kuskura ya cire sai ta sa an ɗinke masa shi a fata, ta dube ni. Na ce ina da allurar.

Inna Habsa kuwa ta zauna ta cire wa agogunan pil, wato batir, ɗaya bayan ɗaya, suka yi shiru kamar duwatsu. Ta kira Tasi'u ta ba shi guda kyauta. Ya ɗaura shi a damtse, can sama, inda sai ya ɗaga hannu ake gani. Bayan kwana biyu aka kama shi. Ya yi mako guda yana sharar fili, hula a karkace, yana ɗaga tsintsiya sama fiye da yadda shara ke bukata. Kafin sati biyu babu agogo ko ɗaya a buhun Inna Habsa, har ana yi mata kuka ta nemo wasu. Agogon da ba ya kira, ba ya nuna lokaci, kuma an hana. Ni ma ban tashi a banza ba, ƙananan aljihuna na ɓoye na yi ta ɗinkawa a cikin hannun riga.

"Inna, ya akai kis san Tasi'u na ragon gaba?" na tambaye ta.

"Silifan da Saifullahi yat tahi da su Tawa bara, wa kake ce ma mai su? Aro yay yi wurin Tasi'u, nashi sun tsinke."

Da hantsi na gangara fadama in kai wa Maiguwa labari, don irin wannan ba a bari wani ya riga ka. Na same shi a bakin rijiya daga shi sai gajeren wando, gumi har idon sawu, yana ja yana zubawa a kwalbati. An yi dashen abin da ya tsira, bai fi rabin garka ba. Fatsima na zaune a inuwar mangwaro tana gyara igiya, muciya a gefenta. Na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya tsaya da guga a hannu, na ce yau dai zai yi shiru.

"Ka gani ko, tela?" ya ce yana haki. "Mi nic ce maku? Ragon gaba! Ilimina na tsohuwar ga tas sace. Ni dama na ga alama ga yaron can tun ranar hwarko."

Sai agogon hannunsa ya ɗauki kira. Fuskarsa ta washe. Ya saki igiya, guga ya koma rijiya, ya fara karkaɗe hannu yana duban inuwa.

"Yaya, an yi kira. Bari in ɗan…"

Fatsima ta bari har kiran ya sauka, sannan ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Wanga na mutanen Makka na, Allah shi karɓa musu," ta ce. "Kai ɗan Adar na. Ja guga."